Hunturun da Ba Mu Sani Ba: Yadda Mutanen Ƙasashen Zafi Ke Hasashen Sanyin Arewacin Duniya

Duk wanda yake da ɗan'uwa a Turai ko Kanada ya san yadda gaisuwar waya take tafiya. Bayan an tambayi lafiya da iyali da aiki, tambayar da ke biyo baya ita ce "yaya sanyi?", kuma ana yin ta ko da a watan Yuli aka kira, lokacin da mai amsawar yake zaune daga shi sai singileti, ya wage tagogi yana neman iska. Tambayar ba ta da aibu, domin ɗabi'ar Bahaushe ce ya gaida mutum da abin da yake zaton yana fama da shi, kamar yadda ake gaida manomi da damina, matafiyi da hanya. Sai dai tana fito da wani hoto da ya zauna a zukatan mutanen ƙasashen zafi, daga Kano har Dakar, daga Khartum har Jakarta: wai akwai wata ƙasa guda ɗaya mai suna "ƙasar sanyi", wadda dusar ƙanƙara ta lulluɓe daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, mutanenta kuma kullum suna cikin manyan riguna haƙoransu na karo da juna. Hoton yana da gaskiya a cikinsa, amma kuskurensa ya fi gaskiyarsa ban sha'awa, domin ya zuzuta abin da bai kai haka ba, ya kuma bar abin da ya fi wahalar da baƙo idan ya je.

Mutum ba ya auna abin da bai sani ba sai da mudun da yake hannunsa, mudun Bahaushe kuwa shi ne hunturu. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta rufe gari da hazo, leɓɓa su tsage, ƙafafu su yi faso, a tashi da asuba ana rige-rigen ruwan zafin alwala. A Kano ma'auni yakan sauka zuwa wajen digiri 13 na Salshiyas da daddare a watan Janairu, wasu ranakun ya gangara ƙasa da haka, a Jos da tsaunin Mambila kuma ya fi tsanani. Abin lura game da wannan sanyi shi ne na dare ne da safiya. Da hantsi ya ɗaga, mutane sukan fito su jeru a jikin katanga suna shan rana, kafin azahar ma'auni ya haura zuwa wajen digiri 29 ko 30, an tuɓe rigunan sanyi an rataye. Wato a ƙwaƙwalwar wanda ya tashi a nan, sanyi baƙo ne mai kwana ɗaya wanda rana take kora kowace safiya. Idan aka ce masa wata ƙasa ta fi sanyi, abin da yake yi shi ne ya ɗauki asubahin hunturu ya ninka ta sau biyar ko sau goma, ba tare da ya kawo a ransa cewa akwai inda azahar ba ta kawo sauƙi ba, ko inda ake yin mako uku ma'auni bai leƙo saman sifili ba, wato matakin da ruwa ke daskarewa.

Harshen kansa yana nuna iyakar abin da aka gani. Hausa ta bambanta ɗari, wato busasshen sanyi mai zuwa da iska, da sanyi mai laima irin na bayan ruwan sama, kuma wannan bambanci ne mai kyau da zai yi amfani a gaba. Amma da aka zo ga daskararren ruwa, kalma ɗaya ce tak, ƙanƙara, wadda asalinta ita ce 'yan dunƙulen da ke faɗowa tare da ruwan farkon damina yara suna tsinta suna tsotsa. Ita aka ara wa ta firji, ita kuma aka haɗa da dusa aka samar da "dusar ƙanƙara" domin a kwatanta wani abu fari mai laushi da ke zubowa daga sama. Sauran hoton kuma daga allo aka samo shi: waƙoƙin finafinan Indiya da aka ɗauka a kan tsaunukan Kashmir da Suwizalan, katunan Kirsimeti, labaran talabijin waɗanda ba sa nuna yanayin Turai sai ranar da ya yi ɓarna, da kuma wasannin ƙwallo da ake ganin tururi na fita daga bakin 'yan wasa. Har dilolin gwanjo sun ba da tasu gudummawar, domin wanda ya ɗaga wata jibgegiyar riga mai gashi a kasuwa dole ya tambayi kansa wane irin bala'i ne ya sa aka ɗinka ta.

Wannan wahalar hasashe tsohuwa ce, kuma ba ta taƙaita ga wata al'umma ba. Masanin falsafar Ingila John Locke ya kawo labari a ƙarshen ƙarni na 17 cewa wani jakadan Holan ya gaya wa Sarkin Siyam, wato Tailan ta yau, cewa a ƙasarsu ruwa yakan daskare har mutane su yi tafiya a kansa, kuma zai iya ɗaukar giwa da akwai ta a can. Sarkin ya ce da ma yana gaskata shi a kan sauran abubuwan mamakin da ya faɗa, amma yanzu ya tabbata ƙarya yake yi. Tun kafin wannan da kusan shekara dubu biyu, Herodotus na Girka ya rubuta cewa mutanen arewacin Bahar Aswad suna cewa ba a iya wucewa gaba da ƙasarsu saboda gashin tsuntsu ya cika sararin sama, shi kuma ya fahimci cewa dusar ƙanƙara suke nufi. Wanda labarinsa ya fi kusa da mu shi ne Ahmad bin Fadlan, wanda Halifa Muƙtadir ya tura daga Bagadaza a shekarar 921 zuwa ga sarkin Bulgar a bakin kogin Bolga. Ya yi hunturu a Jurjaniya ta ƙasar Khawarizm, ya ga kogin Jaihun ya daskare dawakai da alfadarai da amalanke suna bi ta kansa kamar hanya, ya kuma ba da labarin yadda ya fito daga gidan wanka, kafin ya isa masauki gemunsa ya zama dunƙulen ƙanƙara sai da ya kanga shi a wuta. Sarkin Siyam ba wawa ba ne. Ya yi hukunci da abin da rayuwarsa ta koya masa, kuma da irin wannan hankalin ne muke yin namu kuskuren.

Kuskure na farko shi ne ɗaukar arewa a matsayin wuri ɗaya. Birnin Landan yana kan digiri 51 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, wato ya fi birnin Winnipeg na Kanada kusa da ƙuryar arewa, tunda shi yana kan digiri 50 ne. Duk da haka matsakaicin ma'aunin Landan a Janairu wajen digiri 5 ne sama da sifili, na Winnipeg kuwa wajen digiri 16 ƙasa da sifili, da daddare ma yakan wuce 20, alhali injin daskarar da nama na gida a kan digiri 18 ƙasa da sifili ake saita shi. A Yakutsk ta Siberiya matsakaicin watan yana wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Tazarar da ke tsakanin Landan da Yakutsk a wannan wata ta zarce digiri 40, ta ninka tazarar da ke tsakanin Kano da Landan. Saboda haka idan aka ce wane yana ƙasar sanyi, ba a faɗi komai ba tukuna.

Dalilin wannan bambanci shi ne teku. Ruwa yana jinkirin ɗaukar zafi, yana kuma jinkirin sakinsa, don haka tekun Atilantika yakan zama kamar rumbun da ya tara ɗumin bazara yana fitar da shi a hankali cikin hunturu. Ga kuma igiyar ruwan ɗumi da ke tasowa daga mashigin tekun Meziko ta ratsa zuwa gaɓar arewa maso yammacin Turai, sannan iskar da ta fi yawa a wannan yanki daga yamma take busowa, ta shafo ruwan ta shigo da ɗuminsa da laimarsa kan Ailan da Birtaniya da Norwe. Wannan ne ya sa tashar jiragen ruwa ta Murmansk a Rasha, wadda ke kan digiri 69 arewa, ba ta daskarewa, alhali tekun Azob da ke can kudu kusa da Bahar Aswad yakan yi ƙanƙara. Tsakiyar Kanada da Siberiya kuwa sun yi nisa da wannan rumbu, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya wadda ke zubar da zafinta da zarar rana ta yi rauni, kuma babu tsaunin da ya gitta tsakaninta da iskar ƙuryar arewa. A Siberiya ne aka auna digiri 67.8 ƙasa da sifili a Berkoyansk a 1892, da 67.7 a Oymyakon a 1933, a Kanada kuma aka auna 63 a Snag ta yankin Yukon a 1947. Bahaushe ya san irin wannan bambanci a gida, domin ya san hunturun Legas ba na Agadas ba ne. Abin da ya rage masa shi ne ya yarda cewa haka abin yake a can ma.

A nan ne bambancin ɗari da sanyi yake aiki. Abin da ke Winnipeg da Yakutsk ɗari ne, busasshe, mai tsaga fata, sau da yawa a ƙarƙashin sarari garau. Abin da ke Landan da Amsadam ta Holan da Bankuba ta gaɓar tekun Kanada sanyi ne mai laima, na yayyafi da hadari maras tashi, wanda bai kai a mutu ba amma yana ratsa tufa ya zauna a ƙashi. Ko maganar ruwan saman Ingila da aka yi wa shaida tana buƙatar gyara: Landan tana samun wajen milimita 600 ne a shekara, abin da bai kai na Kaduna ba, wadda ke haura milimita 1,000. Bambancin shi ne namu yakan zo da tsawa da iska ya zubo a awa ɗaya ya wuce cikin 'yan watanni, nasu kuwa ana ɗiga shi ne kaɗan-kaɗan a duk tsawon shekara. Hazon Landan da tsofaffin littattafan makaranta suka cika ambato shi ma galibinsa hayaƙin kwal ne, wanda ya kashe dubban mutane a Disambar 1952, ya sa aka kafa dokar tsabtace iska a 1956, tun daga nan ya ja baya. Dusar ƙanƙara kuma a Landan ta 'yan kwanaki ce a shekara, wasu shekarun ma da ƙyar take kwana a ƙasa.

Haka nan hoton ya manta da cewa waɗannan ƙasashe suna da bazara, kuma wani lokacin mai kisa. Berkoyansk ɗin nan da ta yi suna da sanyi ta kai digiri 38 a ranar 20 ga Yunin 2020. Ƙauyen Lytton na Kanada ya kai digiri 49.6 a ƙarshen Yunin 2021, zafin da ko Sakkwato da Maiduguri ba su saba gani ba a tsakiyar Afrilu, washegari kuma gobarar daji ta cinye shi. Birtaniya ta haura digiri 40 a karon farko a ranar 19 ga Yulin 2022. Zafin 2003 ya kashe wajen mutum dubu 15 a Faransa kaɗai, yawancinsu tsofaffi, domin gidajen an gina su ne su riƙe zafi, kuma ƙalilan ne ke da na'urar sanyaya ɗaki. Wanda ya yi zaton ya rabu da sauro idan ya bar Afirka, to, ya je dazuzzukan Siberiya ko arewacin Finlan a watan Yuli. Su ma mutanen can, a gaskiya, suna da nasu gurguwar fahimtar game da mu: da yawa suna zaton Afirka tanda ce guda ɗaya, ba su san ana kwana da bargo biyu a Jos ba, ko cewa akwai ƙanƙara a kan dutsen Kilimanjaro da ke dab da layin da ya raba duniya biyu, ko cewa dusar ƙanƙara tana sauka a Lesoto kowace shekara.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce me ya sa ma ake sanyin. Amsar da aka fi ji a bakin mutane ita ce waɗannan ƙasashe sun fi nisa da rana, amma ba haka ba ne. Duniya ma ta fi kusantar rana a farkon Janairu, da nisan kilomita miliyan 147, fiye da farkon Yuli da take kan miliyan 152. Sirrin yana cikin karkatar duniya da digiri 23 da 'yan kai a kan sandar da take juyawa. A Kano rana tana tsayawa daidai tsakiyar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta, ko a Disamba ma da tsakar rana tana hawa sama da digiri 54 daga doron ƙasa. A Landan a wannan lokaci iyakar hawanta digiri 15 ne, a Helsinki ta Finlan kuma bai kai 7 ba, wato tsakar ranarsu kamar hantsinmu ne na fari ko kuma dab da magariba. Hasken da ya zo a karkace yana bazuwa a kan fili mai faɗi, ya kuma ratsa iska mai kauri kafin ya iso, don haka ɗuminsa yake raguwa ƙwarai. Ga Bahaushe wannan abu ne mai rikitarwa har a harshe, domin kalmar "rana" a wurinsa tana ɗauke da haske da yini da zafi gaba ɗaya. Idan ya ce ana rana, ya ce ana zafi ke nan. Baƙo a Kanada yakan leƙa taga ya ga gari ya yi tas rana na ƙyalli a kan ƙanƙara, ya fita da 'yar riga, bai san cewa irin wannan ranar ce ta fi kowace ɗari ba, saboda babu gajimaren da zai tare ɗumin ƙasa ya hana shi tserewa cikin dare.

Wani abin da ke ba sabon zuwa mamaki shi ne yakan iske ya fi jin sanyi a ɗakinsa na Zariya cikin Janairu fiye da ɗakinsa na Mosko. Ba jikinsa ne ya canza ba, gini ne. Gidajenmu, musamman na bulo da kwano, an yi su ne don su sha iska, saboda haka abin da ke waje shi ke ciki. A ƙasashen da hunturu ke kisa, al'umma gaba ɗaya ta shirya masa: bango mai rufi biyu da abin tare sanyi a tsakani, tagogi masu gilashi biyu ko uku, bututun ruwa da aka binne ƙasa da inda daskarewa ke kaiwa, da ruwan zafi da ake turowa daga tasha ɗaya zuwa unguwanni a biranen Rasha da Finlan ya zaga ɗakuna ya ɗumama su. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada ɗaki ya gaza digiri 18, gidaje da yawa kuma suna kan 20 zuwa 22. A Toronto da Montiriyal akwai hanyoyin ƙarƙashin ƙasa masu tsawon kilomita wajen 30 da suka haɗa ofisoshi da kantuna da tashoshin jirgi, ta yadda ma'aikaci zai iya yini bai taka waje ba. A Yakutsk ana ɗora gine-gine a kan ginshiƙai don kada ɗuminsu ya narkar da daskararriyar ƙasar da suke tsaye a kai. Tufafi ma ilimi ne: ba riga ɗaya mai nauyi ake nema ba, sai dai hawa-hawa, na ciki mai tsane gumi, na tsakiya mai riƙe ɗumi, na waje mai tare iska, sannan a rufe kai da kunne da yatsu. Da wannan shiri ne iyaye a Suwidin da Norwe suke kwantar da jarirai su yi barcin rana a waje cikin kekensu ma'auni yana ƙasa da sifili, abin da kakar Bahaushe za ta ɗauka rashin imani ne.

Ma'anar wannan ita ce a can sanyi magana ce ta kuɗi da matsayi kafin ya zama maganar jiki. Ɗumi saye ake yi, kuma da farashin gas ya tashi a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, sai da ɗakunan karatu da wuraren ibada a Birtaniya suka riƙa buɗe ƙofa don waɗanda ba su iya ɗumama gidajensu su shigo su zauna. Ɗalibi ko ɗan ci-rani da ke tsimin kuɗin wuta a tsohon gida mai laima shi ne yake shan sanyin da ake ba da labari. Wanda kuma ya tuna da kaskon gawayi na gida ya kunna shi a ɗakin da aka toshe ko'ina, ya jefa kansa cikin haɗarin iskar guba maras wari da ke kashe mutum cikin barci. Idan aka fita daga wannan kariya gaba ɗaya, to, sanyin ya wuce duk abin da aka hasaso. Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa idan iska ta sa sanyin da jiki ke ji ya kai digiri 28 zuwa 39 ƙasa da sifili, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. A Disambar 2016 wasu 'yan Ghana biyu masu neman mafaka sun tsallaka da ƙafa daga Amurka zuwa lardin Manitoba, suka tsira da rai amma aka yanke musu yatsun hannu. A Janairun 2022 kuma an tsinci gawar wasu 'yan Indiya huɗu, miji da mata da 'ya'yansu biyu, a wannan yankin dai. Ga dukkan alamu sun san za su tarar da sanyi, abin da ba su da shi shi ne ma'aunin da za su gane cewa tafiyar 'yan awoyi a irin wannan fili tana iya zama ajali.

Dusar ƙanƙarar da ake sha'awar gani ba ta daɗe da kyanta a cikin gari. Kwana ɗaya ko biyu sai tayoyin mota da gishirin da ake watsawa a titi su mayar da ita taɓo mai launin toka, idan dare ya yi ta sake daskarewa ta zama santsin da ke karya ƙugun tsofaffi. Mai gida a Kanada yakan tashi da shebur ya haƙe ƙofarsa kafin ya fita aiki, ya kuma kankare gilashin mota.

Abin da hasashenmu bai taɓa kaiwa gare shi ba, kuma wanda a ganina ya fi sanyin nauyi, shi ne duhu. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya mun saba da yini da dare suna raba awa 24 kusan daidai. A Kano yini mafi gajarta yana wajen awa 11 da rabi, mafi tsawo bai kai awa 13 ba, don haka a wurinmu fitowar rana da faɗuwarta kamar agogo ne. A Landan yinin ƙarshen Disamba bai cika awa 8 ba, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma. A Helsinki bai kai awa 6 ba. A Tromso ta Norwe rana ba ta leƙowa sam daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, sai ɗan wani haske mai shuɗi da tsakar rana. Ko a 'yan awoyin ma sau da yawa gajimare ya rufe. A Disambar 2017 hasken ranar da Mosko ta samu a wata guda cur bai kai minti goma ba. Mutanen garin Rjukan na Norwe, wanda ke cikin kwari tsaunuka suna tare masa rana kusan rabin shekara, sai da suka kafa manyan madubai a kan dutse a 2013 domin su jefo haske a dandalin garin. Masu kallon ƙwallon Ingila a gidajen kallo suna ganin alamar wannan kowane hunturu ba tare da sun lura ba: wasan da aka fara ƙarfe 3 agogon can, kafin a dawo daga hutun rabin lokaci an kunna fitilu, sama ta yi baƙi.

Jiki yana jin wannan rashi. Ma'aikaci yakan fita cikin duhu ya dawo cikin duhu, barci ya rikice, kasala ta sauka, wasu har su faɗa cikin ciwon damuwa mai zuwa da hunturu ya tafi da bazara, wanda likitoci suka sani suke kuma magancewa da fitilu masu ƙarfin haske. Daga Oktoba zuwa Maris ranar Birtaniya ba ta da ƙarfin da fata za ta haɗa sinadarin bitamin D da ita, shi ya sa hukumomin lafiyar ƙasar suke ba kowa shawarar shan maikirogiram 10 a kullum a wannan lokaci, masu baƙar fata kuwa, da matan da ke rufe jiki, ana ba su shawarar su sha duk shekara. Ga mutumin da ya tashi a inda ake zaman majalisa a ƙofar gida, ana hira a tsakar gida har dare ya raba, akwai ƙarin wani nauyin: duhu da sanyi suna kora kowa cikin ɗakinsa, titi ya yi tsit tun ƙarfe 5, maƙwabci ya yi wata ba a gan shi ba. Da yawa daga abin da 'yan'uwanmu suke kira sanyi idan suna ba da labari a waya, idan aka bi shi a hankali, kaɗaici ne.

Musulmi yana gane wannan sauyi tun a sallolinsa. A Landan cikin Disamba azahar tana shiga wajen 12, la'asar kafin ƙarfe 2, magariba kafin 4, wato salloli uku cikin awa huɗu, dukansu a tsakiyar lokacin aiki. A Yuni abin yakan juye: magariba ta wuce ƙarfe 9, isha'i ta kai wajen 11, asuba ta shigo kafin 3, kuma a duk inda ya haura digiri 48 da rabi akwai makonnin da shafaƙi ba ya gama ɓacewa kafin alfijir ya keto, abin da ya sa masallatan gari ɗaya suke saɓawa a jadawalinsu. Ibn Fadlan ya tarar da wannan a Bulgar a 922, inda aka gaya masa cewa mutum yakan ɗora tukunya da magariba, asuba ta yi ba ta nuna ba. Malaman zamani da suka duba lamarin wuraren da rana ba ta faɗuwa ko ba ta fitowa sun jingina da hadisin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim, inda sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya za ta isa a yinin da tsawonsa yake kamar shekara, aka ce musu a'a, su ƙaddara masa. Daga nan wasu suka ce a bi lokacin gari mafi kusa da ake rarrabe dare da rana, wasu suka ce a bi na Makka, kuma da na Makka Musulmin Tromso suke aiki a irin waɗannan watanni.

Azumi kuwa, da yake yana matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara, yana zagaya dukkan yanayin cikin shekara 33. A 2015 da 2016, da ya faɗo cikin Yuni da Yuli, mai azumi a Landan yana kame baki wajen awa 18 zuwa 19, na Aisilan ya haura 21, alhali na Kano yana kan awa 14. A lokacin 'yan gida ne suke tausaya wa na waje. Yanzu watan yana gangarowa cikin hunturu, kuma bisa lissafin masana taurari zai kama sau biyu a 2030, a farkon Janairu da ƙarshen Disamba. A wannan shekarar mai azumi a Landan zai yi sahur wajen ƙarfe 6 na safe ya sha ruwa wajen 4 na yamma, awa goma ke nan babu ƙishirwa, ɗan'uwansa na Kano kuwa azuminsa zai fi wannan tsawo da kusan awa uku.